Almara da Alama a Nazarin Amurka: Tarken Littafin Virgin Land na Henry Nash Smith

1.0 Gabatarwa

Kowane fannin ilimi yana da littafin da ya zame masa ƙofar shiga, wanda ɗalibi ba ya tsallake shi ko da malamansa sun daina yarda da rabin abin da ke ciki. A fannin Nazarin Amurka, wato fannin da ke haɗa adabi da tarihi da siyasa da zamantakewa domin fahimtar al'adun mutanen Amurka, littafin Virgin Land na Henry Nash Smith, wanda aka buga a 1950, shi ne ya riƙe wannan matsayi. Ma'anar sunan littafin ita ce budurwar ƙasa, wato dajin da ba a taɓa sara ba, ba a kuma taɓa sa masa garma ba. Smith shi ne mutum na farko da ya sami digiri na uku a shirin Tarihin Wayewar Amurka na Jami'ar Harvard a 1940, shekara uku da kafa shirin, kuma daga kundin wannan digiri ne littafin ya tsiro. Don haka wanda ya tarki littafin ya tarki tushen digirin kansa.

Wannan maƙala za ta dubi yadda fannin ya samu, da zubin littafin da jigonsa, sannan ta auna ƙarfinsa da rauninsa. Abin da take son tabbatarwa shi ne: littafin ya koya wa manazarta yadda za su karanta al'umma ta hanyar almarar da take yi wa kanta, amma shi kansa marubucin almarar ta rufe masa ido a wuri mafi muhimmanci. Mai neman babban digiri a wannan fanni, musamman wanda ya fito daga wajen Amurka, yana bukatar ya ɗauki darussan nan biyu tare.

2.0 Samuwar Fannin

Har zuwa farkon ƙarni na 20, sassan Turanci na jami'o'in Amurka adabin Ingila suka fi bai wa muhimmanci, suna ganin adabin ƙasarsu a matsayin ƙaramin reshe da bai isa a yi babban digiri a kansa ba. Masana tarihi kuma sun fi karkata ga dokoki da yaƙe-yaƙe da shugabanni. Wasu malamai ne suka fara ƙetare shingen da ke tsakanin sassan biyu. Vernon Parrington ya fitar da Main Currents in American Thought a 1927, Perry Miller ya biyo da The New England Mind a 1939, sai F. O. Matthiessen da American Renaissance a 1941.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fannin ya bunƙasa cikin sauri. A 1946 aka zartar da dokar Fulbright ta musayar ɗalibai da malamai, a 1947 aka buɗe taron ƙara wa juna sani na Salzburg a ƙasar Austiriya domin gabatar da al'adun Amurka ga ɗaliban Turai, a 1949 mujallar American Quarterly ta fara fitowa daga Jami'ar Minnesota, a 1951 kuma aka kafa ƙungiyar masana fannin ta ƙasa. Duk wannan ya zo daidai da farkon yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, lokacin da ƙasar take da matuƙar bukatar ta bayyana wa duniya ko ita wace ce. Tambayar da fannin ya ɗora wa kansa ke nan: mene ne ainihin Amurka? A cikin tambayar akwai zaton cewa amsar guda ɗaya ce, kuma wannan zato shi ne ya zama abin taƙaddama daga baya.

3.0 Zubin Littafin da Jigonsa

Kalmar almara a wurin Smith ba ta nufin ƙarya. Tana nufin hoton da jama'a suka haɗu suka zana a zukatansu, wanda ya cakuɗa tunani da shauƙi, har ya zama da shi suke auna abin da ke faruwa da su. Alama kuwa ƙaramin yanki ce na wannan hoto, kamar mafarauci, ko lambu, ko garma. Jigon littafin shi ne yadda hoton yankin Yammacin Amurka ya tsara tunanin Amurkawa a ƙarni na 19. An kasa littafin kashi uku.

Kashi na farko ya dubi Yamma a matsayin hanyar zuwa Asiya. Daga Shugaba Thomas Jefferson, wanda ya sayi yankin Luwiziyana daga hannun Faransa a 1803 ya kuma aika Lewis da Clark su ratsa nahiyar tsakanin 1804 da 1806, zuwa ɗan majalisa Thomas Hart Benton da masu kiran a shimfiɗa layin dogo har bakin tekun Fasifik, da mawaƙi Walt Whitman, duk sun yi mafarkin cewa dukiyar Indiya da Sin za ta biyo ta Amurka.

Kashi na biyu ya bi sawun jarumin daji. Smith ya fara da Daniel Boone, ya bi ta kan mafaraucin da James Fenimore Cooper ya ƙirƙira a cikin ƙagaggun labaransa, ya gangaro kan Kit Carson da Buffalo Bill, har zuwa ƙananan littattafan santi 10 da kamfanin Beadle ya fara bugawa a 1860. Ya nuna yadda jarumin ya sauya kama: daga dattijo mai tsoron Allah da ke gudun birni, ya koma matashi mai saurin zare bindiga, yayin da labaran suka rasa ma'ana suka zama jerin harbe-harbe.

Kashi na uku shi ne mafi tsawo kuma mafi nauyi. Ya dubi Yamma a matsayin lambun duniya, inda manomi mai cin gashin kansa zai mallaki gonarsa, ya ciyar da iyalinsa, ba ya bin kowa ba kowa ke bin sa, ya zama ginshiƙin dimokuraɗiyya. An rufe littafin da babi a kan Frederick Jackson Turner, wanda ya gabatar da maƙalarsa a Shikago a 1893, inda ya ce halayen Ba'amurke da tsarin mulkinsa a bakin daji aka haife su, wato a iyakar da ke tsakanin inda Turawa suka zauna da inda ba su kai ba. Smith ya nuna cewa wannan ra'i, wanda aka daɗe ana koyar da shi a matsayin tarihi, shi ma ɗan almarar lambun ne.

4.0 Ƙarfin Littafin

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne faɗin madogarar marubucin. Kafin shi, mai tarken adabi manyan marubuta kaɗai yake dubawa. Smith ya ajiye waƙar Whitman kusa da jawabin ɗan majalisa, da rahoton mai safiyo, da takardar tallan filaye, da littafin santi 10 da yaro ke karantawa a ɓoye, ya karanta su duka da ido ɗaya. Hujjarsa ita ce littafin da aka rubuta domin kasuwa, wanda marubucinsa ba ya neman suna, ya fi bayyana abin da jama'a ke sha'awa. Wannan shi ya buɗe ƙofar nazarin adabin kasuwa da fim da talla a jami'a.

Abu na biyu shi ne yadda ya nuna cewa almara tana da sakamako a zahiri. Dokar rabon gonaki ta 1862 ta bai wa duk wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara 5 damar mallakar eka 160. Wannan ma'auni ya dace da gabashin ƙasar inda damina ke da albarka. A can Yamma kuwa, inda ruwan shekara ba ya kai inci 20, eka 160 ba ta riƙe iyali. John Wesley Powell, wanda ya san yankin ƙafa da ƙafa, ya rubuta rahoto a 1878 yana ba da shawarar a mai da gonar kiwo eka 2,560, a kuma tsara rabon fili bisa inda ruwa yake. Majalisa ba ta bi shawarar ba, domin ta saba wa hoton lambu. Har aka sami masu da'awar cewa noma da kansa yana jawo ruwan sama, duk inda garma ta shiga hadari zai biyo ta. Da fari ya zo a ƙarshen shekarun 1880, manoma da yawa suka kwashe kayansu suka bar yammacin Kansas da Nebraska, filaye masu yawa kuma tuni sun faɗa hannun kamfanonin jirgin ƙasa da dillalai. A wannan sashe hujjar littafin a tsaye take, kuma shekaru ba su rage mata ƙarfi ba.

Abu na uku shi ne salo. Harshen littafin mai sauƙi ne, babu cunkoson kalmomin fannu, kuma kowane babi yana miƙa mai karatu ga na gabansa. A 1951 ya ci kyautar Bancroft ta tarihi. A bisa tafarkinsa aka sami R. W. B. Lewis da The American Adam a 1955, da Leo Marx da The Machine in the Garden a 1964, har aka raɗa wa tafarkin suna mazhabar almara da alama.

5.0 Raunin Littafin

5.1 Ta Fuskar Hanyar Bincike

Shi kansa Smith ya san cewa fannin bai da tsayayyiyar hanya. A 1957 ya rubuta maƙala yana tambaya ko Nazarin Amurka zai iya samar da hanyar bincike tasa, ya kuma ƙare da cewa babu wadda aka gama ƙerawa, sai dai manazarci ya ari abin da ya dace daga kowane fanni. A 1972 Bruce Kuklick ya kai wa mazhabar farmaki a American Quarterly. Tambayarsa mai sauƙi ce: da wace hujja aka tashi daga abin da ke cikin littafi aka yanke hukunci a kan abin da ke zukatan miliyoyin mutane? Sayen littafi ba ya nuna yarda da abin da ke ciki. Mutum yakan karanta labarin jarumin daji domin nishaɗi, ya ajiye, ya koma ma'aikatar da yake aiki ba tare da ya taɓa tunanin Yamma ba. Wannan suka tana da nauyi. Smith ya tattara abin da marubuta da 'yan siyasa suka faɗa, ya kira shi tunanin Amurka, alhali waɗanda suka yi maganar kusan dukkansu maza ne, Turawa, masu ilimi.

5.2 Ƙasar da Aka Ce Babu Kowa

Rauni mafi girma yana nan a kan bangon littafin. Ƙasar da aka kira budurwa tana da masu ita. A 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe Indiyawan Amurka, wato 'yan asalin ƙasar, daga gabas zuwa hayin kogin Misisifi. A tafiyar da aka tilasta wa ƙabilar Cherokee tsakanin 1838 da 1839 an ƙiyasta mutum kusan 4,000 sun mutu. Yarjejeniyar 1848 da ta kawo ƙarshen yaƙi da Meziko ta raba ƙasar da kimanin rabin faɗinta, tare da mutanen da ke zaune a wurin. Dokar Dawes ta 1887 ta yanka filayen ƙabilu gunduwa-gunduwa, ta yadda eka miliyan 138 da ke hannunsu a wannan shekara ta koma miliyan 48 a 1934. Layin dogon da aka kammala a 1869 da guminsu 'yan ƙasar Sin aka fasa masa duwatsu, a 1882 kuma aka yi dokar hana irinsu shigowa.

A cikin Virgin Land, Ba'indiye yana fitowa ne a matsayin abokin gabar jarumi ko abin da ya tare hanya. Ba a tambaye shi yadda yake ganin lambun da aka dasa a kan kabarin kakanninsa ba. Bauta ma, duk da an yi babi a kan Kudu, an dube ta ne a matsayin gardama tsakanin Turawa masu gandu da Turawa masu ƙananan gonaki, ba a ji muryar bayin da ƙidayar 1860 ta nuna sun kusa miliyan 4 ba. Marubucin ya feɗe almarar lambu, ya nuna ta yaudari manomi Bature, amma ya karɓi harsashinta ba tare da bincike ba, wato cewa filin fanko ne. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Smith ya hango yadda almara ta kama Turner, yana tsaye a kan tudun da bai duba ba.

Waɗanda suka biyo baya sun cike giɓin. Richard Slotkin a Regeneration Through Violence na 1973 ya nuna cewa zubar da jini shi ne zuciyar almarar bakin daji. Annette Kolodny a The Lay of the Land na 1975 ta tambayi dalilin da ya sa ake siffanta ƙasa da mace da ake jiran a mallaka. Patricia Limerick a The Legacy of Conquest na 1987 ta sake rubuta tarihin Yamma a matsayin tarihin mamaya. Smith da kansa, a wata maƙala da ta fito a 1986, shekarar da ya mutu, ya amince cewa ra'ayin Turner ya shige shi fiye da yadda ya zata, har ya kasa ganin ta'asar da ke tattare da faɗaɗar ƙasar.

6.0 Afirka a Gefen Hoton

Makantar ba ta tsaya ga Smith kaɗai ba. Perry Miller, ɗaya daga cikin iyayen fannin a Harvard, ya ba da labari a gabatarwar littafinsa Errand into the Wilderness na 1956 cewa yana matashi, a shekarun 1920, a tashar jiragen ruwa ta Matadi a bakin kogin Kwango, yana kula da sauke gangunan mai, a nan ne ya ji cewa aikinsa a duniya shi ne ya bayyana ma'anar Amurka. Da ya koma gida sai ya fara labarin daga Turawan Furitan da suka sauka a arewa maso gabas a 1630, ya tsallake yankin Bajiniya inda aka sauke 'yan Afirka tun 1619. A 1993 Amy Kaplan ta ɗauki wannan labari ta nuna cewa a Afirka aka ɗauki cikin fannin, amma aka haife shi babu Afirka a ciki: babu leburorin da suka sauke gangunan, babu mulkin mallakar da ke kewaye da tashar, babu bayanin abin da ya kai man Amurka Kwango. Shekara guda kafin nan, a 1992, Toni Morrison ta nuna a Playing in the Dark cewa baƙar fata yana nan a laɓe cikin manyan ayyukan adabin Amurka, kuma da shi ne marubuta Turawa suka auna ma'anar 'yanci.

Akwai rubuce-rubucen da suka dace da ma'aunin Smith na adabin da ba na manya ba, amma fannin bai waiwaye su ba sai daga baya. Muhammadu Gardo Baƙuaƙua, ɗan garin Jugu a ƙasar Benin ta yanzu, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, an sayar da shi zuwa Burazil, ya tsere daga jirgin ruwa a birnin New York a 1847, aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit a 1854. Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Barno, ya bi ta Tarabulus da Santambul da Rasha kafin ya isa Amurka, ya shiga rundunar baƙaƙen fata ta 55 ta Massachusetts a 1863, ya kuma buga tarihinsa a Memphis a 1873. Umar ɗan Sa'idu, mutumin Futa Toro, ya rubuta nasa da Larabci a 1831 yana cikin bauta. Sai a 1984 Allan Austin ya tattara irin waɗannan labarai a littafi guda, Sylviane Diouf ta biyo baya a 1998. Mutanen nan sun ga Amurka a ƙarnin da Smith ya yi nazari, kuma babu wanda ya ga budurwar ƙasa a cikinsu.

7.0 Abin da Ya Shafi Mai Neman Digirin

Fannin ya sauya ƙwarai daga yadda Smith ya bar shi. A 1998 Janice Radway, a jawabinta na shugabar ƙungiyar masana fannin, ta tambaya ko sunan fannin ma ya dace, ganin cewa ƙasa ɗaya ta riƙe sunan nahiyoyi biyu. A 2004 Shelley Fisher Fishkin ta yi kira a dubi Amurka a matsayin mahaɗar al'adu, a kuma saurari masanan da ke wajenta. Tsarin digiri na uku a jami'o'in Amurka yakan ƙunshi kwasa-kwasai na kimanin shekara biyu, sai jarrabawa a kan wasu zaɓaɓɓun fagage, sannan kundi, kuma duka yakan ci shekara biyar ko fiye. Waɗannan shekaru ne masu tsada a rayuwar mutum, don haka ya kamata ya san abin da zai fito da shi.

Tarko biyu ne ke gabansa. Na farko shi ne ya haɗiye labarin da Amurka take bayarwa game da kanta, bisa zaton waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ya dawo yana maimaita shi a aji. Na biyu shi ne ya haddace sukar da aka yi wa mazhabar almara da alama ba tare da ya karanta littattafanta ba, ya ɗauka cewa jera laifuffuka shi ne nazari. Na biyun ya fi sauƙin faɗawa a yau, domin sukar ta riga ta zama karatun aji, kuma kundin da aka gina a kanta kaɗai ba ya ƙara wa ilimi komai.

Baƙunta na iya zame wa ɗalibi jari idan ya haɗa ta da aiki. Wanda ya iya Larabci ko Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, ya kuma san tarihin fatauci da karatu a Sudan ta Tsakiya, zai karanta Baƙuaƙua da Nicholas Said ya gane sunayen garuruwa da muƙamai da hanyoyin ayari da suka shige wa ɗan ƙasa duhu. Amma sukar Kuklick tana kansa shi ma: rubutun mutum uku ba ya wakiltar tunanin dukan bayi, kamar yadda waƙar Whitman ba ta wakilci dukan Amurkawa ba. Dole ya nemi rajistar jiragen ruwa da takardun kotu da jaridu da ƙidaya su tallafa wa karatunsa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa Virgin Land littafi ne da ya kafa fanni, ya faɗaɗa ma'anar abin da ya cancanci nazari, ya kuma tabbatar da misalin dokar 1862 da rahoton Powell cewa hoton da al'umma ta zana wa kanta yana iya rinjayar doka har ya jefa mutane cikin asara. Ta kuma nuna cewa marubucin ya ɗauki muryar wani rukuni a matsayin muryar ƙasa, ya bar Indiyawa da bayi da mutanen Meziko da 'yan Sin a bayan fage. Bayan fiye da shekara 70 da fitowarsa, littafin bai cancanci a jingine shi ba. Ya kamata mai neman digirin ya karanta shi sau biyu, karo na farko domin ya koyi yadda ake feɗe almara, karo na biyu yana riƙe da Slotkin da Kaplan da Morrison, yana tambaya a kowane babi su wane ne ke zaune a filin da ake magana a kansa, kuma a ina aka ajiye abin da suka faɗa.